Zirga-Zirga A Birnin Kano: Wa Ake Tambaya Kafin A Kafa Doka?

Ranar Litinin, 10 ga watan Janairu na 2022, mutanen birnin Kano suka wayi gari suka tarar da tituna fayau, babu adaidaita sahu. Tun daga Hotoro har Kabuga, daga Unguwa Uku har Kurna, ba abin da ake gani sai jama'a a ƙasa, kowa ya doshi wurin nemansa. Ma'aikata suka nufi Sakatariyar Audu Bako da sauran ofisoshi a ƙafa, 'yan makaranta suka yi cirko-cirko a bakin titi, 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari kuwa wasu a bayan a-kori-kura suka isa rumfunansu. Har Jami'ar Bayero sai da ta ɗage jarrabawa, domin ɗalibai da yawa ba su da hanyar isa makaranta.

Abin da ya jawo wannan shi ne yajin aikin matuƙa adaidaita sahu, waɗanda suka ƙi amincewa da Naira 8,000 da Hukumar Kula da Zirga-zirgar Ababen Hawa ta Jihar Kano, watau KAROTA, ta ce kowa zai biya domin sabunta takardar izinin sana'a. Kwana uku aka yi ana wannan hali, sa'an nan aka zauna da wakilan matuƙan, gwamnati ta sassauta, su kuma suka koma bakin aiki.

To, abin tambaya a nan shi ne, zaman da aka yi a rana ta uku har aka sami maslaha, me ya hana a yi shi tun kafin a fitar da sanarwa? Kuma a cikin wannan zaman, wa ya wakilci fasinja, wanda shi ne ya sha tafiyar ƙasa, shi ne kuma zai biya duk wani ƙari da aka yi?

YADDA AKA FARO

Kafin a fahimci nauyin al'amarin, ya kamata a waiwayi baya kaɗan. A da, hayis da tasi su ne abin hawan talaka a birnin Kano. Da tattalin arziki ya taɓarɓare daga tsakiyar shekarun 1980, sayen mota da kayan gyaranta ya gagari masu sufuri da yawa, sai acaɓa ta cike giɓin, har ta zama ba lungun da ba ta shiga.

A shekarar 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da babura masu ƙafa uku domin ɗaukar mata, saboda a raba su da hawan acaɓa. An kawo su ne a ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu, daga nan ne kuma suka gaji sunan da ake kiransu da shi har yau. A shekarar 2012 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa KAROTA. Sai kuma a watan Janairu na 2013, lokacin da birnin ke fama da hare-haren 'yan bindiga, aka kai wa ayarin marigayi Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari ranar 19 ga wata. Ba a cika mako ba gwamnati ta haramta sana'ar acaɓa a cikin birni da kewayensa.

Wannan hani ya juya tsarin sufurin Kano gaba ɗaya. Masu acaɓa da dama suka koma tuƙin adaidaita sahu, abin hawan da aka kawo domin mata ya zama na kowa da kowa. Saboda haka duk dokar da ta taɓa adaidaita sahu, ta taɓa kusan kowane gida a birnin.

Akwai kuma wani abu da ba kowane mai zama a ofis ya sani ba, watau yawancin matuƙan nan ba su ne masu baburan ba. Wani yakan kai wa maigidansa balas kowace yamma, wani kuma ya karɓi babur ɗin bashi ne yana biya a hankali. Bayan balas ga kuɗin mai, ga na ƙungiya, ga na gyara, abin da ya rage shi ne cefanen gida. Naira 100 a kullum ba ta da yawa a takarda, amma wanda ya fita aiki kwana 300 a shekara Naira 30,000 ke nan ya biya, kuma daga ƙarshe a kan kuɗin fasinja zai fanshe.

SAU UKU CIKIN SHEKARA BIYU

Yajin aikin 2022 ba shi ne na farko ba. A watan Fabrairu na 2021 matuƙan sun ajiye aiki saboda harajin Naira 100 a kullum da kuma hanyar da aka tsara ta biyansa. A wannan karon ma sai da jama'a suka taka da ƙafa kafin a shiga tsakani a sasanta.

Karo na uku ya zo a ƙarshen watan Nuwamba na 2022. Gwamnatin Dakta Abdullahi Umar Ganduje ta sayo motocin bas 100 da tasi 50 domin jigilar jama'a a cikin birni, sai KAROTA ta ba da sanarwa cewa daga ranar Laraba 30 ga wata an hana adaidaita sahu bin manyan hanyoyi biyu: daga Titin Ahmadu Bello ta Mundubawa zuwa Gezawa, da kuma daga Tal'udu zuwa Gwarzo. Duk wanda ya san Kano ya san abin da ke kan waɗannan hanyoyi. Ta farko ita ce ke bi ta kasuwar 'Yankaba, ta biyu kuwa ita ce ke ratsa Kabuga da Rijiyar Zaki har sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Jama'a suka yi ca, ba a je ko'ina ba aka dakatar da dokar.

Ba shakka hukuma tana da hujjojinta, kuma ba na banza ba ne. Cunkoso a Bata da 'Yankura da Ƙofar Wambai ya ishi kowa. Ana amfani da wasu baburan wajen ƙwacen waya da sauran ɓarna, kuma batun tsaro ne gwamnati ta ba da hujja da shi lokacin da ta hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a watan Yuli na 2022. Sanin adadinsu da sanin wanda ke tuƙa kowane ɗaya wajibi ne a kan kowace gwamnati. Haka kuma babban birni ba ya rayuwa a kan ƙananan babura kaɗai. Ƙidayar 2006 ta nuna akwai mutum fiye da miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, yau kuwa sun fi haka nesa. Irin wannan taro sai da manyan motoci masu bin hanya a tsare.

Inda gizo ke saƙar shi ne, bas tana bin babban titi ne kawai. Ba ta shiga lungu ta ɗauko mai naƙuda, ba ta tsayawa a ƙofar gida ta sauke buhun hatsi, ba ta jiran tsoho ya sauko a hankali. Da an tambayi matar da ke saro kayan miya a 'Yankaba tun da asuba, ko ɗalibin da ke da lacca ƙarfe 8 na safe, da sun faɗi wannan tun kafin a buga sanarwa. A dukan karo ukun nan an ji ra'ayin jama'a, sai dai an ji shi ne bayan an riga an yanke hukunci, kuma ta hanyar da ta fi kowace tsada: asarar ciniki, ɗage jarrabawa, da zubewar kwarjinin hukumar da ta kafa doka yau ta janye gobe.

INA ƘANANAN HUKUMOMI?

Wani abin lura shi ne, duk waɗannan shawarwari daga gwamnatin jiha da hukumominta suka fito. Ba a ji amon majalisun ƙananan hukumomin Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo ba, alhali kuwa a ƙasarsu abin ke faruwa.

Ba wai doka ce ta hana su ba. Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu, Jadawali na Huɗu kuma ya lissafa ayyukansu. A ciki akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, da gina tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya gwargwadon yadda Majalisar Dokokin Jiha ta tsara, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da ba da lasin keke da baro da amalanke da kwalekwale. Watau tasha da kasuwa, waɗanda su ne mafarin yawancin cunkoso, a hannun ƙaramar hukuma doka ta sa su.

Wannan kuwa ya samo asali ne daga gyaran da aka yi a 1976 zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, lokacin da aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Daga cikin manufofin gyaran akwai kusanto da mulki ga talaka, da samar da hanyar da magana za ta riƙa sauka daga gwamnati zuwa jama'a, ta kuma riƙa hawa daga jama'a zuwa gwamnati. Yau ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 daga ciki a Jihar Kano, masu mazaɓu 484, kowace da kujerar kansila. Ga kuma masu unguwanni da dagatai da hakimai, waɗanda tun zamanin En'e su ne ke kai kukan talaka gaba.

Me ya sa to aka yi shiru? Dalili na farko na gaskiya ne: titi ɗaya yakan ratsa ƙananan hukumomi biyu ko uku, kuma da kowace za ta kafa tata dokar tuƙi da an shiga ruɗani. Tilas ne a sami hukuma ɗaya ta jiha mai tsara manyan hanyoyi. Dalili na biyu shi ne raunin da ƙananan hukumomi suka daɗe a ciki a ko'ina cikin ƙasar nan, saboda kuɗinsu yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, sau da yawa kuma kantomomin riƙo ake naɗawa maimakon a yi zaɓe. Wanda aka naɗa daga sama, kunnensa yana sama. Ranar 11 ga Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kwamitin riƙo a madadin zaɓaɓɓiyar majalisa ya saɓa wa tsarin mulki. Amma kuɗi kaɗai ba zai sa kansila ya kira taron unguwa ba, sai in an mai da hakan ƙa'idar aiki.

Da yake ƙofar majalisa ba ta buɗe sosai ba, jama'a sun nemo wa kansu wasu ƙofofi. Mafi girma ita ce rediyo. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Kano, bayan buɗe Freedom a 2003, duk unguwar da titinta ya lalace ko aka toshe mata mahaɗa, can take kai kuka, jami'i kuma ya zo ya mai da jawabi. Wata unguwar kuwa, in mota ta buge yaro, sai matasa su yi karo-karo su sayi siminti su gina tudu a tsakiyar titi ba tare da shawarar injiniya ba. Wani wurin a kafa shingen tsakiyar hanya, kafin wata ya zagayo an fasa shi, domin ya raba mutane da masallacinsu ko makarantar 'ya'yansu. Duk waɗannan ra'ayin jama'a ne, amma bayan aiki ya gama suke fitowa.

DARASI DAGA BIRANE BIYU

Ba Kano kaɗai ke fama da wannan ba, kuma yana da amfani a duba yadda majalisun wasu birane biyu na Turai suka yi da matsala iri ɗaya, watau sa wa motoci haraji in za su shiga tsakiyar gari domin rage cunkoso.

A Edinbara, babban birnin Sikotilan, majalisar birni ta yi shekaru tana tsara shirin karɓar fam 2 a kullum daga motar da ta shigo, da niyyar zuba kuɗin a sufurin jama'a. A watan Fabrairu na 2005 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta gidan waya. Kashi 74 cikin 100 na masu ƙuri'a suka ce ba su yarda ba, majalisa ta jingine shirin. Mutane sun ga abin da za a karɓa daga aljihunsu, amma amfanin da aka yi musu alkawari a takarda kawai yake.

A Sitokholm, babban birnin Suwidin, an bi wata hanya dabam. Da fari yawancin mazauna birnin ba su son shirin. Sai aka fara ƙara motocin bas kusan 200 tun watanni kafin a taɓa aljihun kowa, sa'an nan aka gwada harajin na wata bakwai, daga 3 ga Janairu zuwa 31 ga Yuli na 2006, tare da alkawarin za a tsaya a tambayi jama'a. Motocin da ke ƙetare iyakar tsakiyar birni suka ragu da kimanin kashi 20 cikin 100, kowa kuma ya gani da idonsa. Da wa'adi ya cika aka dakatar kamar yadda aka alkawarta. A watan Satumba aka kaɗa ƙuri'a, wajen kashi 53 cikin 100 na mutanen birnin suka amince, daga 1 ga Agusta na 2007 kuma dokar ta zauna daram.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da bai kamata a manta ba. Wasu ƙananan hukumomi da ke kewaye da Sitokholm sun yi tasu ƙuri'ar, kuma sun ƙi, domin mutanensu ne ke shigowa aiki kullum suna biya. Haka nan a Kano, mutumin Gezawa ko Dawakin Kudu ko Tofa da ke shigowa birni kowace safiya yana da haƙƙi a kan titin Haɗeja ko na Zariya ko na Gwarzo kamar mazaunin birni, wani lokaci ma shi ne dokar ta fi shafa.

Ba a ce Kano ta kwaikwayi harajin Turai ba, domin halin kowane gari dabam ne. Abin ɗauka shi ne tsarin: a fara tanadar madadi, a gwada na ɗan lokaci, a auna, a bayyana abin da aka gani, sa'an nan a tambaya.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Jin ra'ayin jama'a ba baƙon abu ba ne a dokokin ƙasar nan. Majalisun dokoki sukan kira zaman sauraron jama'a a kan ƙudurori, dokar 1992 ta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kuma ta tanadi a baje rahoto domin mutane su duba su yi magana. Abin da ya rage shi ne a saukar da wannan al'ada zuwa harkar titi da tasha, ta hannun ƙananan hukumomi.

Da farko, duk dokar da za ta canja hanya, ko ta tashi tasha, ko ta ƙara kuɗi, a sanar da ita da Hausa a rediyo da allunan sakatariyar ƙaramar hukuma aƙalla wata guda kafin ta fara aiki, tare da dalilinta da taswirar wuraren da ta shafa. Na biyu, kansilan kowace mazaɓa da abin ya shafa ya kira taro tare da masu unguwanni, a rubuta abin da aka faɗa, majalisar ƙaramar hukuma ta tattauna a kai, ta aika wa hukumar jiha a rubuce. Na uku, a ware wa mata zama nasu, domin da yawansu ba za su yi magana a taron maza ba, alhali saboda su aka fara kawo adaidaita sahu. Haka kuma a nemi naƙasassu, da ɗalibai, da matuƙan kansu, kada a tsaya ga shugabannin ƙungiya kawai. Na huɗu, a riƙa gwaji a hanya ɗaya na wata biyu ko uku kafin a game gari. Ɗaliban nazarin ƙasa da na tsara birane a manyan makarantun Kano za su iya ƙirga motoci da fasinjoji a mahaɗa, su sami horo, hukuma kuma ta sami alƙaluma na gaskiya. Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci, a dawo wa jama'a da amsa: ga abin da kuka ce, ga wanda aka ɗauka, ga wanda aka bari da dalilin barinsa. Taron da ba a mai da amsarsa, ba mai zuwa na biyu.

Lalle akwai iyaka. Hukuncin gaggawa na tsaro irin na 2013 ba ya jiran taron unguwa, ko da yake shi ma ana iya waiwayarsa bayan ƙura ta lafa. Kuma shawara ba ta nufin duk wanda ya fi ɗaga murya shi zai yi rinjaye. Wani lokaci hukuma za ta saurara, ta auna, ta yi abin da wasu ba su so, kuma tana da gaskiya. Ita ma jama'a akwai nata nauyin: a halarci taro in an kira, a kai koke a rubuce ta hannun ƙungiyar unguwa, a san sunan kansila da ofishinsa, a kuma bi doka in an kafa ta bayan an ji kowa.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cinye albashin ƙaramin ma'aikaci da guzurin ɗalibi. Kowane zagaye da aka ƙara wa hanya, kowace tasha da aka matsar, kuɗi ne daga aljihun wani. Saboda haka ma'aikacin da ke rubuta takardar shawara ga kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma a kan harkar zirga-zirga, ya dace ya ƙara mata sashe ɗaya kafin ya miƙa: su wane ne wannan doka za ta shafa, yaushe aka tambaye su, kuma me suka ce.